Kamfani na kwasar riba, ƙauye na biyan kuɗin ɗori

Fiye da shekara goma ke nan ana kai ruwa rana a Turai da Amurka a kan irin aikin da manhajojin waya suka zo da shi: direban Uber, yaron da ke kai wa mutane abinci a kan keke, matar da ke zaune gaban kwamfuta tana yi wa kamfanin da ba ta taɓa gani ba ƙananan ayyuka ana biyanta guntu-guntu. Babu albashi, babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho. Ka yi a biya ka, gobe kuma sai abin da hali ya yi. Masu yabon tsarin na cewa ya mai da talaka ubangidan kansa, masu sukarsa na cewa ci da gumi ne aka sake wa riga.

In ka kai wannan gardama majalisar dattawa a Kura ko Auyo, da wuya ka ga wanda zai gyara zama. Mutumin karkarar Kano da Jigawa bai taɓa sanin wani aikin kuɗi ba wannan ba. Dashen shinkafa jinga ne, tsinkar tumatir a kan kwando ake biya, ɗan dako a Dawanau a kan buhu yake karɓa, matan da ke tsintar zoɓo da gyaran riɗi kuwa sai gwargwadon abin da hannunsu ya gama. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna neman abincinsu ne ba tare da rajista ko takardar aiki ba. Baturen da ke kuka aikin ubansa yake tunawa, wanda ya yi shekara talatin a masana'anta ya fita da fansho. Mu ba mu da wannan abin tunawa. Abin da za mu auna sabon aikin da shi shi ne ƙwadago, da ci-rani, da zaman kashe wando.

Da wannan ma'auni, amfaninsa ba ya ɓuya. Damina a nan wata huɗu ce in ta yi kyau, kuma wanda ba shi da fili a Kadawa ko fadamar Haɗeja, daga an gama kaka sai ya naɗe hannu har faɗuwar ruwa. Babur ba ya tambayar sakamakon jarrabawa, na'urar POS ba ta tambayar wa ka sani a sakatariya. Kuɗin kuma na yau ne, abin da ke da daraja ƙwarai a gidan da sai an fita an samo ake ɗora tukunya. Wanda zai ce a jira aikin albashi, ya duba dokar mafi ƙarancin albashi tukuna. An mai da shi naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar da kanta ta cire masu aikin jinga da na kamasho, ta cire masu aikin noma na lokaci-lokaci, ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato kusan duk mai neman kuɗi a Garun Malam ko Kafin Hausa yana wajen katangarta. Saboda haka in matashi ya ce maka da babu gara ba daɗi, gaskiya ya faɗa.

To amma a ina ƙwadagon gargajiya ya rabu da na waya? Je ka bakin gona a Kadawa da sassafe lokacin dashe, ka tsaya ka saurara.

"Samari, nawa za ku dasa min ekar nan?"

"Baba, ka ga yadda abinci ya yi tsada. Na bara dai ba zai yiwu ba."

Ya faɗi nasa, su ce albarka. Ya ɗan ƙara, babbansu ya taka ya duba laka, ya dawo ya ce, "Da abinci ne ko ba abinci?" A ja, a ja, ɗaya ya yi kamar zai ɗauki takalminsa ya nufi gonar maƙwabci, mai gona ya kira shi, a sallama. Kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa ya san abin da zai karɓa da yamma. In mai gona ya yi taurin bashi, akwai sarkin noma, akwai mai unguwa, akwai kunyar haɗuwa a masallaci, kuma baɗi in ya fito neman hannu ba zai samu ba. Ba yabonsa nake yi ba: a gonakin nan ne ake biyan mata ƙasa da maza, ake sa yara aiki lokacin makaranta, ake goya wa mutum tankin feshi ba abin rufe hanci. Amma ciniki yana nan, kuma wanda ka yi cinikin da shi yana da fuska da ƙofar gida.

Wannan cinikin ne manhaja ta ɗauke. Uber ya shigo Legas a 2014, Bolt ya biyo baya a 2016 da sunan Taxify. Mota ta direba ce ko ta wanda ya ba shi, mai da gyara duk a kansa, amma kuɗin tafiya kamfani ke yankawa, ya cire kamashonsa na kashi 20 zuwa 25 cikin 100 tun kafin kuɗin su iso hannu. In fasinjoji suka ba direba maki kaɗan ko ya yawaita ƙin karɓar tafiya, ana iya rufe masa asusu, kuma ba wani mai unguwa da zai kai wa ƙara. Wannan ne ya sa Kotun Ƙolin Birtaniya, a Fabrairun 2021, ta ƙi yarda da cewar Uber wai direbobinsa 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. Hujjar alƙalan mai sauƙi ce: kamfani ke sa farashi, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke horon wanda ya ƙi aiki, shi ke hana direba da fasinja su saba har su riƙa hulɗa a tsakaninsu. Suka kuma ce lokacin da direba ya kunna manhaja yana jiran kira, shi ma lokacin aiki ne.

Wanda ya zauna gaban malam a zaure ba zai ji wannan hukunci baƙo ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba ɗan ijara, wato wanda ake ɗauka aiki a biya shi, gida biyu. Akwai wanda ka keɓe yana yi maka aiki kai kaɗai na wani lokaci. Wannan ya cancanci ladarsa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yanka, ko ka ba shi aiki ko ka bar shi a zaune. Akwai kuma mai karɓar aikin kowa, kamar tela ko maƙeri. Shi sai ya yi aikin ake biyansa, amma da bakinsa yake ciniki, kuma yana iya cewa ba zai yi ba. Wayon kamfanonin manhaja shi ne suna son biyayyar na farko a kan kuɗin na biyu. A ganina duk rigimar a nan take. Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 cewa in alamun iko suka bayyana, a ɗauki mutum ma'aikaci ne har sai kamfani ya kawo hujjar akasin haka, kuma ba a korar mutum da hukuncin na'ura kaɗai. A Kalifoniya kuwa kamfanonin sun kashe sama da dala miliyan 200 a 2020 suka ci ƙuri'ar raba gardama da ta bar direbobi a matsayin masu zaman kansu. Mu a nan dokar ƙwadagonmu ta shekarun 1970 ce, tun kafin a san wayar hannu.

Sai dai Uber da Bolt ba sa zuwa Bunkure. Abin da ke isowa ƙauye daga wannan sabon tsari iri uku ne: babur na balas (wanda ake biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan), na'urar POS, da danne-dannen waya. Sai kuma 'ya'yanmu da ke tafiya Legas da Abuja da Fatakwal su hau babur, wasu suna ɗaukar fasinja, wasu suna kai saƙo.

Babur shi ne babba, don haka a kansa ya kamata a tsaya. Sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, saurayin ƙauye kuwa ba shi da ita. Sai wani mai hali ko wani kamfani ya saya ya ba shi, a ɗora riba, yana biya kullum ko duk mako har ya zama nasa. Daga ranar da ya karɓi makulli, 'yancin nan da ake faɗa, wai ka fita lokacin da ka ga dama, ya ƙare. Balas ba ya san zazzaɓi, ba ya san ranar suna, ba ya san an yi ruwa hanya ta yanke. Da yammar Asabar za ka gan shi tsugune a ƙofar shago yana miƙe tsofaffin takardu a kan gwiwa.

"Alhaji, makon nan sai haƙuri. Taya ce ta fashe, kwana biyu ban fita ba."

"Yaro, ni ma kuɗin mutane ne. Kawo na hannunka, amma in aka sake ka ajiye min makulli."

Alhajin ba lallai mugu ba ne. Shi ma ya sha ganin wanda ya gudu da babur. Abin dubawa shi ne yadda aka raba asara. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Balas bai ragu ba, fasinjan ƙauye kuma ba zai iya biyan ninki biyar ba, sai ya gwammace ya taka da ƙafa ko a yi goyon uku. Giɓin daga aljihun mai tuƙi ya fita. Direbobin manhaja a birane sun shiga irin wannan matsi, har ƙungiyarsu ta AUATON ta kira yajin aiki a Yunin 2023 tana neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho.

Ga kuma gwamnati, wadda ke iya kashe sana'ar da sanarwa ɗaya. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana acaba a birnin Kano. Wasu suka koma adaidaita sahu, wasu suka dawo ƙauye, wasu suka nausa kudu. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an Legas suka tare babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su aka bincika, daga baya aka sake su. A Fabrairun 2020 Legas ta hana babur a manyan sassan birnin, ta sake tsanantawa a Yunin 2022, ana murƙushe dubban baburan da aka kama a gaban 'yan jarida. Kamfanonin manhaja da ke harkar a lokacin sun sami mafita: Gokada ya rage ma'aikata ya koma kai saƙo, OPay ya rufe sashensa na acaba mai suna ORide ya mai da hankali ga hada-hadar kuɗi, inda ya bunƙasa. Saurayin da aka murƙushe baburinsa fa? Ya hau tirela ya dawo gida da sauran bashi a wuyansa.

Nan ne maganar ta fi damuna, domin akwai wani mai biya da ba a taɓa sa shi a lissafi. In ɗan acaba ya karye a Legas ko a hanyar Wudil, ina ake kai shi? Gida. A kwantar da shi a ɗakin uwarsa, a kira mai ɗori, a sayar da tunkiya, wani lokaci a jinginar da gona. Wata uku yana kwance, yayyensa ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa daga rumbu. In ƙafar ba ta koma daidai ba, ya zama nauyin gidan har ƙarshen rayuwarsa. In ya tsufa ƙarfinsa ya ƙare, nan dai zai dawo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin irin wannan rana, amma wanda aka kira abokin hulɗa ba ma'aikaci ba, wa zai zuba masa? Ƙaramin tsarin fansho da aka ƙaddamar a 2019 domin masu sana'ar hannu na ganin dama ne, kuma mutum shi kaɗai ke tara wa kansa. Ashe arahar da mai hawa ke samu a birni, da ribar da mai manhaja ko mai babur ke ƙirgawa, wani ɓangarensu gero ne daga rumbun wani tsoho a Jahun. Asibitin sana'ar da fanshonta duk ƙauye ne, kuma ba a taɓa aiko masa da ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan rumbun kuma shi ne ke bambanta wanda aikin ke taimaka wa da wanda yake tatsa. Ɗauki samari biyu a tasha ɗaya. Na farko ya noma abin da zai kai gidansu wata takwas, ya sayar da riɗi ya sayi tsohon babur da kuɗinsa. In mai ya yi tsada ya jingine babur, in damina ta faɗi ya koma gona, in fasinja ya taya da wulaƙanci ya ce albarka. A wurinsa acaba ƙari ne, kuma da shi zai sayi taki. Na biyu gonar gadonsu an raba ta har ba ta kai a ambata ba, baburin na balas ne, yana da mata da goyo. Shi ba ya iya cewa a'a ga kowa: ba ga fasinja ba, ba ga mai babur ba, ba ga tafiyar dare a hanyar da ake ƙwace ba. Sana'a ɗaya, tasha ɗaya. Kuma kullum gonaki ƙara tsagewa suke yi wajen rabon gado, ambaliya irin ta 2022 a Jigawa tana ƙara tura mutane daga sahun na farko zuwa na biyu.

Mai POS yana tsakiya. Shi ne ya fi kama da ɗan kasuwa, domin yana da bakin faɗin cajinsa, kuma ba wanda zai musa cewa ya sauƙaƙa rayuwa a garuruwan da sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga banki. Ranar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, cinikin shanu na miliyoyi yana bi ta ƙarƙashin lemarsa. Amma duba abin da ya ɗauke wa banki da kamfani: ginin reshe, mai gadi, janareta, albashin mai ƙirga kuɗi. Shi ke yawon neman tsabar kuɗi a gidajen mai da wurin 'yan kasuwa, shi ɓarayi ke bi, shi ake turo wa sanarwar shigar kuɗi ta bogi. In an cire wa tsohuwa kuɗi a asusu takarda ta nuna bai fita ba, ba kamfani za ta riƙe wa riga ba. Akwai kuma adadin cinikin da ake so na'ura ta yi, in ta gaza ana iya karɓe ta. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 an zagi masu POS a kan tsawwala caji, wasunsu kuwa sun cancanci zagin, sai dai da yawa sayen kuɗin suke yi kafin su sayar.

Danne-dannen waya ba ya buƙatar dogon bayani. Bayan Notcoin, wani wasan danna waya da ake tara maki, ya mai da makin kuɗin intanet a Mayun 2024 wasu suka sami abin kirki, sai wannan danne-danne da ake kira mainin ya game gari, har a rumfar mai caji ta ƙauye kowa ya sunkuyar da kai. Wani wasan irinsa, Hamster Kombat, ya yi iƙirarin tara mutum miliyan 300, yana sa su kallon bidiyonsa na YouTube kullum. Da aka raba ladan a ƙarshen Satumban 2024, da yawa abin da suka samu bai mai da kuɗin data da caji ba. Aiki ne da ba a yanka lada ba tun farko, wanda ko yaron da ke kora shanu ba zai karɓa ba. Masu ilimin boko da ke yi wa kamfanonin ƙirƙirarriyar basira aikin tantance rubutu da hotuna sun fi su tsari, amma su ma a tafin hannu suke. Mujallar Time ta ruwaito a Janairun 2023 cewa masu irin wannan aiki a Kenya ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa, sannan a Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe wa 'yan Kenya da Najeriya ƙofa ba tare da wani gamsasshen bayani ba.

Gwamnati ma tana da rabonta a wannan rufa-rufa. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta sauya yadda take ƙirga marasa aiki, ta koma tsarin da ke cewa wanda ya yi aikin kuɗi na awa ɗaya a mako yana da aiki. Adadin ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa 4.1. Tsarin na duniya ne, ba ƙarya aka yi ba, amma a takarda saurayin da ya yi lodin buhu biyar ranar kasuwa ya zauna sauran mako ya fita daga sahun masu matsala.

Hana sana'ar ba magani ba ne. Kano da Legas sun gwada, wahalar ta sauya wuri ne kawai. Masu ita kuma ba su rasa ƙarfi ba in sun haɗa kai. 'Yan adaidaita sahu sun tsayar da birnin Kano cak a Fabrairun 2021 a kan harajin naira 100 na kullum, suka sake a Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta izini. Abin da ban gani ba shi ne a juya wannan ƙarfi zuwa ga kuɗin ɗori. Kusan kowace tasha tana yankar tikiti kullum. Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, Jigawa tana da JICHMA. Da wani kaso na tikitin zai riƙa shiga can da sunan kowane mai tuƙi, da an rage sayar da tumaki. Cikas ɗin sananne ne: sai shugabannin tasha sun yarda an buɗe littafin kuɗi, ba kowa ne kuma zai so hakan ba.

Akwai ma kariyar da ke nan tun tuni ba a amfani da ita. Dokar saye da biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta wajabta a rubuta yarjejeniya, ta kuma ce in mai abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai kaya ba shi da ikon ƙwacewa ya mallake sai ta hanyar kotu. Mafi yawan balas a ƙauye da baki ake ƙulla shi, sai shaidu biyu da addu'a, kuma mai tuƙi bai taɓa jin labarin dokar ba. Mai unguwa ko limamin da ake kira shaida ranar miƙa makulli yana iya cewa ba zai sa albarka ba sai an kawo takarda, an rubuta jimillar kuɗin, an rubuta abin da za a yi a makon da yaro ya kwanta ciwo, da nawa za a mayar masa daga abin da ya zuba in har aka karɓe babur.